Injiniya Muhyiddin da Tukunyar Jego

A Bukan Sidi da ke cikin Lafiya babu wanda ya naɗa Muhyiddin injiniya. Shi ya naɗa kansa, tun zangonsa na farko a makarantar koyon fasaha, lokacin ko sunayen kayan aikin bai gama riƙewa ba. Ya sayi farar hular kwano irin ta masu aikin titi, ya sa mai fenti ya rubuta masa "Injiniya" a goshinta, ya maƙala tef ɗin awo a ƙugu. Da su yake zuwa sayen ƙosai, da su yake zuwa gaisuwar mutuwa. Shekarar ce wayar hannu ta fara yawa a gari, shi ma ya samo wata marar layi. In zai wuce majalisa sai ya kara ta a kunne ya ɗaga murya: "A'a, kada kowa ya taɓa injin nan sai na zo!"

Ni dai ban taɓa haɗuwa da wanda ya ji Muhyiddin ya ce "ban sani ba". Fankar da ya gyara wa liman, har yau sai an tura ta da sanda take juyawa, amma in ka tambaye shi zai ce maka da gangan ya tsara ta haka don kada ta riƙa shan wuta.

Ana nan sai Malam Terlumun, wanda ke koya musu zubin ƙarfe, ya ba ajin aikin ƙarshen zango. Ya yi bayani dalla-dalla: kowa ya zaɓi abu ɗaya, ya fara gina siffarsa da yumɓu, sannan ya sassaƙa ta da katako a kan inji, ya binne katakon cikin akwatin yashi ya zare shi ya bar gurbi, ranar ƙarshe, wata Laraba, a narka alminiyam a zuba a gurbin. Wanda abinsa ya fito ya wuce, wanda nasa bai fito ba ya maimaita.

"Ƙaramin abu nake so," in ji Malam, idonsa a kan farar hular. "Ƙarami. Kun ji ko?"

Wani ya zaɓi ludayi, wani mariƙin ƙofa. Sewuese, wadda take zama kusa da Muhyiddin, ta ce ita 'yar tukunyar miya za ta yi. Muhyiddin ya yi dariya har da buga tebur.

"Tukunyar miya! Ta wasan yara? Sa, ni Gwaggo zan zuba."

"Wace gwaggon taka?"

"Za ka gani, Sa."

Gwaggo ba mutum ba ce, tukunya ce. Ƙatuwar tukunyar alminiyam mai faɗin baki da gajerun ƙafafu uku, sai mata biyu sun kama ake ɗora ta a wuta. Inna Batulu, mahaifiyar Muhyiddin, ta gaje ta daga tata uwar, wadda ta zo da ita daga Keana. Aikinta ɗaya ne, dafa ruwan wankan jego. Duk macen da ta haihu a layin nan, Musulma ko Kirista, da ruwan Gwaggo aka gasa mata jiki. Shi kansa Muhyiddin da ruwanta aka wanke uwarsa, aka wanke shi. Shi ya sa matan layin ba sa ce mata tukunya. In an yi haihuwa sai ka ji an ce, "A je a gaida Inna, a ce ta aiko da Gwaggo."

Tsufa ya ɗan taɓa ta, ta yi 'yar huda a gindi, ana liƙewa da ƙullin garin rogo da toka. Ga kuma Jumai, yayar Muhyiddin, ta dawo gida goyon ciki. Cikin fari ne, ya tsufa har ba ta ganin yatsun ƙafarta. Inna ta riga ta jibge itace a bayan ɗaki, haihuwar kawai ake jira.

Muhyiddin ya dawo daga makaranta ya tarar da Inna tana dirje Gwaggo da yashi. Ya tsaya a kanta, ya zaro tef ɗinsa ya sake shi ya koma da ƙara.

"Inna, wannan hudar abin kunya ce. A ce gidan injiniya ana liƙe tukunya da garin rogo?"

"Garin rogon nan shi ya raine ka."

"Ki ba ni ita in kai wokshop. Aunawa kawai zan yi, in toshe hudar da ƙarfe. Kafin Yaya Jumai ta ce wash na dawo da ita."

Jumai ta muskuta a kan tabarma. "Ni da nake kwana ina cewa wash? Inna, kada ki ba shi. Kin manta rediyonki?"

"Rediyon ai yana magana," in ji Muhyiddin.

"Sai an mare shi."

Mama Mnena, maƙwabciyarsu, wadda duk jegon 'ya'yanta Gwaggo ce ta yi, ta leƙo ta kan katanga. "Muhi, abeg ka bar wannan tukunya. Ya girme ka, ya girme babanka. In ya lalace, na wahala o, duk layin nan ne zai sha."

Amma uwa uwa ce, kuma hudar ta daɗe tana damun Inna. Ta dubi ɗanta, ta dubi hular, zuciyarta ta yi laushi. Ta nuna masa cikin Jumai da ludayi.

"Ka ga wannan? Shi ne agogonka. In yayarka ta sauka Gwaggo ba ta gidan nan, ni da kai ne."

Washegari aka ga ɗan acaɓa ya fito daga layin da tukunya zaune a bayansa. Muhyiddin ya kifa ta a kansa ta rufe shi har ƙirji, ƙafafunta uku suna kallon sama, muryarsa tana fitowa daga ciki kamar daga rijiya, yana ba mai babur umarnin inda zai bi alhali shi ba ya ganin komai.

Da isarsa wokshop sai tunaninsa ya canza. Toshe huda? Wannan ai aikin masu faci ne na bakin kasuwa. Shi sabuwa zai zuba, wadda ta fi tsohuwar girma, yadda ko mata biyu suka haihu rana ɗaya ruwa zai ishe su.

Aka fara da yumɓu. Kowa ya ɗebi dunƙule ɗaya a hannu, shi ya turo baro guda. Ya tula, ya mulmula, ya shafe da ruwa, ya ja da baya yana sha'awa. Kafin ya juyo abin ya zauna, ya baje ta ƙasa ya tsuke ta sama.

Sewuese ta zagaya shi sau ɗaya. "Injiniya, yaushe za ka shuka doyan? Kunyan ya yi kyau. Babana a Doma yana neman ma'aikata."

"Ke ba ki san dizain ba. Wannan ai ra'ayi ne kawai. Ainihin aikin yana kan inji."

Ranar inji ya zo da gungumen mangwaro, mutum uku suka taya shi ɗorawa. Ya kuma zo cikin sabuwar shadda mai faɗin hannu, wai don ranar tarihi ce. Malam Terlumun ya riga ya gargaɗi kowa: a daidaita katako a tsakiya, a naɗe hannun riga, a fara juyawa a hankali. Da Malam ya leƙa ofis, Muhyiddin ya murɗa injin zuwa ƙarshe.

"Injiniya ba ya tashi da giyar farko," in ji shi.

Gungumen ya fara juyawa, injin ya fara rawa, tebura suka kama rawar su ma. 'Yan aji suka watse, wasu ƙarƙashin benci, wasu ta ƙofa. Muhyiddin ya matsa da kurfi a hannu don ya nuna ba ya tsoro, sai ji aka yi kyat! Hannun shaddar ya tafi, tun daga kafaɗa, ya naɗe jikin gungumen yana kaɗawa. Kafin ya gama salati gungumen ya ƙwace, ya fasa taga, ya fita. Aka ji ƙarar saukarsa a waje, sannan ƙarar wani abu da ya faɗi a hankali, ya ci gaba da zubar da ƙananan ƙarafa.

Vespar Malam ce.

Malam Terlumun mutum ne marar hayaniya. Ya fito ya dubi Vespar, ya dubi tagar, ya dubi ɗalibinsa mai hannun riga ɗaya.

"Muhyiddin, gaya mini gaskiya. Wa ya aiko ka wurina?"

"Sa, injin ne ba shi da balans."

"Injin."

"Zan iya duba maka shi, Sa. Har Vespar ma."

"In ka taɓa Vespar nan," in ji Malam, "sai dai a kai mu ofishin 'yan sanda tare."

Aka sake ɗora gungumen, wannan karon Malam yana tsaye da hannunsa a kan makunni. Da kyar da gumi siffar tukunya ta fito, kuma a faɗi gaskiya ta waje ta yi kyau. Muhyiddin ya kafa mata gajerun ƙafafu uku da ƙusa, ya goge ta sumul, ya rungume ta. Sai dai gunduma ce guda, ba rami ba kogo.

Sewuese ta ƙwanƙwasa ta da yatsa. "To ina cikin?"

"Wane ciki?"

"Cikin tukunya mana. In ka zare wannan daga yashi, rami ne babba zai bari. Dole ka gina curin yashi ka dasa a tsakiya, ya tare wurin da ruwa zai zauna, ƙarfe ya bi ta gefe. Malam ya koya mana. Ga nawa, duba."

Ranar da aka koyar da wannan darasin Muhyiddin yana wurin mai fenti, ana rubuta masa allon "Kamfanin Zubin Ƙarfe na Injiniya Muhyiddin da 'Ya'yansa". Ko budurwa ba shi da ita a lokacin. Ya dubi ɗan curin Sewuese ya taɓe baki.

"Bari in tambaye ki. Me ke cikin tukunya?"

"Ba komai."

"To ba komai ɗin zan zauna in gina? Ke kin taɓa ganin an sassaƙa iska? Ƙarfe ai ya san hanyarsa. In ya sauka ƙasa zai bi bango ya hau. Kalkuleshan ne, ba ki kai wurin ba tukuna."

"Ƙarfe zai hau bango."

"Da zafinsa, ƙwarai."

"Toh. Allah ya ba ƙarfe sa'a," in ji Sewuese, ta koma kan aikinta.

Saura ƙarfen zubi. Makaranta ɗan kaɗan take ba kowa, wanda zai isa ludayi. Muhyiddin ya dubi Gwaggo a kusurwar wokshop, ya ɗauko babbar guduma. Sewuese ta riƙe masa hannu.

"Kai! Wannan ba na mamanka ba ne?"

"Canza mata jiki kawai zan yi. Ita ce dai za ta dawo, da ƙuruciyarta."

Ya ɗaga ya sauke. Gwaggo ta yi wata ƙara mai tsawo da ta cika wokshop ɗin. Ya tuna hannun Inna yana dirje ta da yashi, ya ji tsoro na gaske. Amma 'yan aji sun zagaye shi suna kallo, kuma Muhyiddin zai iya jure komai a duniya ban da a ga ya fasa. Ya gyara hula ya ci gaba da duka har ta zama tarkace.

Da ya tara tarkacen ya ga ba za su isa babbar tukunyar da ke kansa ba, sai ya shiga layinsu gida-gida. Ya ce wa mata hudar Gwaggo ta fi yadda ake zato, ana bukatar ɗan ƙarfen faci, kuma duk wadda ta taimaka ita za a fara kai wa in ta haihu. Matar liman ta ba da faranti. Wata ta ba da tsohuwar tukunyar shinkafa. Mama Mnena, wadda ta daina haihuwa tun tuni, ta ba da butar shayinta don dai a gama a huta. Bayan kwana biyu ya dawo zagaye na biyu, ya kwashe murafe da ludaya. Kafin mako ya ƙare rabin layin sun koma miya a tukunyar ƙasa, ana kwasa da ƙoƙo.

A gida kuwa kullum tambayar ɗaya ce.

"Ina Gwaggo?"

"Tana kan awo, Inna."

Washegari: "Ina Gwaggo?"

"An sa mata magani, sai ya bushe."

Bai taɓa kula da yayarsa kamar wannan lokacin ba. In Jumai ta miƙe za ta zagaya tsakar gida, kamar yadda ungozoma ta ce ta riƙa yi, sai ya taso da gudu da matashi.

"Yaya, zauna! Ina za ki? Tafiya ba ta da kyau."

"An ce in riƙa motsa jiki haihuwar ta zo da sauri."

"Saurin me ake yi? Yaron nan me zai fito ya tarar? Ki bar shi ya ƙara nuna."

In ta yi atishawa sai ya zabura. In ta ce wash sai ya ce, "Daure, Yaya, riƙe shi, Laraba ta kusa." Jumai ta ce wa Inna ita fa ba ta yarda da wannan sabuwar ƙaunar ba.

Ana gobe zubi Malam Terlumun ya bi akwatunan yashi yana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Na Muhyiddin ya kai girman akwatin amarya, an rufe shi ruf, an bar 'yar ƙofar zuba ƙarfe a sama, an lulluɓe da tamfol an ɗaure da igiya.

"Buɗe in gani."

"Sa, akwai masu satar fasaha a ajin nan."

"Ka dasa curin ciki?"

Muhyiddin bai ko ƙifta ido ba. "Har biyu na sa, Sa."

Malam ya buɗe baki zai yi magana, sai aka leƙo aka ce bakaniken Vespa ya zo da mummunan labari. Ya fita bai dawo ta kan akwatin ba.

Ranar Laraba Muhyiddin ya fita tun da sassafe, bai ko tsaya karyawa ba, don haka bai ga lokacin da Jumai ta dafa bango ta kira Inna ba. Ya gayyato 'yan majalisar layinsu, ya ɗauko mai hoto, ya jingina allon kamfaninsa a jikin akwatin. Aka hura wuta a bayan wokshop. 'Yan aji suka zuba nasu ɗaya bayan ɗaya, kowa ƙarfensa ya cika gurbi ya leƙo ta ƙofar sama, alamar ya ƙoshi. Sannan aka zo kan babban aiki.

Aka narka kashi na farko aka zuba. Ƙarfen ya shige, shiru. Aka narka na biyu, da farantin matar liman a ciki. Shiru. Aka zuba na uku, butar Mama Mnena ta bi sahu. Muhyiddin ya leƙa ƙofar, duhu kawai ya gani.

"Ya kamata a ce ya leƙo yanzu," in ji Malam.

"Yana hawa bango ne, Sa. Hawa yana ɗaukar lokaci."

"Yana me?"

"A ƙaro!" Muhyiddin ya daka tsawa. "Tukunyar tana da ci!"

Aka ce babu saura. Ya waiga ya hango ludayin wani ɗan aji yana hucewa a gefe, ya kai hannu, mai ludayin ya ɗauko shebur. Da kyar aka raba su. Malam ya ce a bar abin ya huce, abin da ke ciki dai ba zai gudu ba.

Muhyiddin ya cika lokacin jiran da jawabi. Ya gaya wa 'yan majalisa daga nan sai tukwanen makarantun kwana, daga nan sai injin jirgin ruwa na kogin Binuwai. Ya ɗauki hoto da ƙafa ɗaya a kan akwatin, ya ɗauki wani yana amsa wayarsa marar layi. Yana cikin na uku, bayan la'asar, sai aka ji guɗa daga bakin ƙofar makaranta.

Mama Mnena ce a gaba tana tura baro, Inna Batulu a bayanta ta ci ɗamara, sai matan layi kusan goma.

"Muhi! Jumai ya haihu! Namiji, ƙato! An hura wuta tun ɗazu, ruwa kawai muke jira. Ina Gwaggo?"

Inna tana murmushi, idonta ya yi ja don kuka da murna. "Ka zama kawu. Ɗauko ta mu tafi, yayarka tana jira. Na ce bari in zo da kaina, don na san halinka."

Ta duba dama, ta duba hagu, ba ta ga tukunya ba. Murmushin ya fara raguwa. Muhyiddin ya waiga neman hanyar sulalewa, amma ga mai hoto, ga majalisa, ga mata. Ya buga ƙirji.

"Inna, kin zo a daidai. Tsohuwar Gwaggo kika ba ni, sabuwa za ki tafi da ita. A buɗe!"

Aka ɗage saman akwatin. Kowa ya miƙa wuya. Wani ƙaton rami ne a cikin yashi, mai siffar tukunya sak, bangonsa sumul, ba ko ɗigon ƙarfe a jiki.

"Tana ƙasa," in ji Muhyiddin. "Daga ƙasa take farawa."

Aka fasa gefen akwatin, yashi ya zube. Muhyiddin ya sa shebur yana tonawa, gumi yana bin gemunsa. Can a gindi shebur ya daki ƙarfe. Mutum biyu suka sa ƙugiya suka jawo abin, suka ajiye a tsakiyar fili. Ya tsaya daram a kan ƙafafunsa uku: wani faifan ƙarfe mai kauri, samansa a shafe, tsayinsa bai wuce tafin hannu biyu ba. Duk abin da aka zuba ya gangara ƙasa ya kwanta abinsa, kamar yadda kowane ruwa yake yi tun da aka halicci duniya.

Wurin ya yi tsit. Mai hoto ne kawai ya ɗaga kyamara, ƙyas.

"Aondo!" Mama Mnena ta kira sunan Allah da yarenta, ta ɗora hannu a ka. "Gwaggo ya zama kujera!"

Dariya ta fashe. 'Yan majalisa suka riƙa faɗuwa a jikin juna, mai ludayi ya zauna a ƙasa yana share hawaye.

"Butana fa? Yana ciki?"

"Duk suna ciki, Mama," in ji Sewuese. "Har farantin matan liman."

"Ni da marfina biyu!" wata ta ce daga baya. "Ya ce mini faci zai yi!"

Malam Terlumun ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin abin, ya miƙe. "Muhyiddin, curin ciki biyun da ka ce ka sa. Wanne ne ya gudu, wanne ne ya bi shi?"

"Sa, a gaskiya... wannan sabon dizain ne. A ƙasashen waje yanzu an daina..."

Bai ƙarasa ba, don ya ga Inna ta matso. Ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa gaban abin, ta kai hannu kusa da shi ta ji hucinsa, ta tsaya haka. Ta gane ƙafafun, don ya kwaikwaye su daidai. Tukunyar uwarta ce, wadda ta yi niyyar bar wa Jumai, kuma baƙin cikin ya fito a fuskarta ƙarara har masu dariya suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

"Da ɗuminta," in ji Inna a hankali. "Kullum da ɗuminta nake sauke ta."

Muhyiddin ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya sunkuyar da kai.

Inna ta miƙe, ta kai hannu ta cire masa farar hular daga kai. Ta juya ta, ta leƙa ciki, ta nuna masa.

"Ka gani? Ko wannan tana da ciki." Ta danƙa masa ita. "Je ka ɗebo ruwa da ita ka sanyaya Gwaggo. Kai za ka kai ta gida, a ka. Baron nan na haya ne, ba na masu laifi ba."

Haka aka yi. Ya yi ta safarar ruwa da hular injiniya daga famfo har ƙarfen ya daina tururi. Mama Mnena ta naɗa masa gammo da ragowar tamfol, aka ɗora masa. Ya ratsa gari da kujerar ƙarfe a ka, wuya ya shige kafaɗa, mata goma a bayansa kowace tana lissafa masa abin da ya cinye mata, masu acaɓa suna rage gudu suna tambaya ko sabuwar tasar satalayit ce ta kallon ƙwallo.

A daren sunan ma ba a gama yi masa dariya ba, amma wanka bai tsaya ba. Mijin Mama Mnena ya yanka duro biyu ya kawo rabi, aka ce Muhyiddin ko kusa da wurin yankan kada ya zo. Rabin duro kuwa cin itace gare shi kamar me, ga shan ruwa. Inna ta ce tunda injiniya ne ya jawo, injiniya ne zai ɗauka. Safe da yamma har aka yi arba'in, shi ne ɗebo ruwa, shi ne faskare, shi ne hura wuta, idonsa ya yi jawur don hayaƙi. Malam Terlumun ya ba shi sakamakonsa, zai maimaita, kuma ya riga ya zaɓa masa aikin baɗi: cokalin shayi.

Jumai ce ta gano amfanin faifan ƙarfen. Kujerar katakon da ake zama a kai wurin wanka ta ruɓe, sai ta ce a miƙo mata wancan. Ta zauna, ta ce ba ya zamewa, kuma in ruwan zafi ya taɓa shi yana riƙe ɗumi. Daga ranar Inna ta fara dirje shi da yashi, yadda take yi wa tukunyar.

Kafin wata ya zagayo an ji Muhyiddin a majalisa, hula a ka, yana cewa shi ne mutum na farko a duk jihar da ya ƙera kujerar jego ta alminiyam, kuma yana karɓar oda, duk mai so ta kawo tsofaffin tukwanenta. Tun daga ranar, in aka hango farar hula ta shigo layi, sai ka ji ana kiran yara su kwashe kwanuka daga bakin rijiya.

Har yanzu in an haihu a layin nan ana aikowa gidan Inna Batulu. Sai dai rabin duro da kujerar ƙarfe ba kayan da mace za ta ɗauka ba ne, don haka saƙon ya ɗan ƙaru:

"A je a gaida Inna, a ce ta aiko da Gwaggo. A haɗo da Injiniya, ya zo da gatarinsa."